Hannuwan Hafizu

A duk ƙasar Konni, daga bakin iyaka har Malbaza, babu mutumin da ya kai Hafizu lafiya. Ya yi karatu har jami'a, ya taɓa ganin ƙwayar cuta da idonsa a cikin na'ura, kuma ya yanke hulɗa da ita baki ɗaya.

Ba ya buɗe ƙofa sai da gwiwar hannu. In zai hau kabu-kabu, sai ya shimfiɗa hankici a kan kujerar babur, ya naɗe hannuwa a ƙirji, ya bar sauran ga Allah. A buron masu fiton kaya inda yake aiki, takarda ba ta isa gabansa sai ta sha rana a bakin taga. A masallaci butarsa daban. In an miƙo masa hannu sai ya dafe ƙirji ya rusuna, har tsofaffin unguwa suna ba 'ya'yansu misali da ladabinsa. Da ya koma gida kuma, sai ya wanke hannu da ruwan jabel, irin wanda ake wanke daɓen likita, wato asibiti, da shi.

Jabel ya yi aikinsa. Ya kashe ƙwayoyin cuta, ya kuma haɗa da fatar. Hannuwan Hafizu suka tsattsage, suka yi fari dabbare-dabbare, 'yan yatsu suna saɓa. Saboda haka ya koma ajiye su cikin aljihu.

Duk wannan Zulaihatu ta sani, kuma a haka take son sa. Wannan ita ce matsalarta.

Ita ɗiyar ruga ce, can bayan Badaguishiri. Ta yi lakwal, wato makarantar boko, har kwaleji kafin mahaifinta ya rasu, sannan ta dawo tana taya uwarta, Inna Shatu, sayar da nono a kasuwa. Aurenta yana hannun Baffa Jaje, yayan mahaifinta. Da Hafizu ya nemi izinin turo manyansa, Baffa ya ce a dakata a yi bincike, kamar yadda aka gada. Da yake shi mutum ne mai adalci, sai ya aiki wanda ya fi kowa sanin Konni: Khalilu dillalin shanu, wanda shi ma ya daɗe yana son Zulaihatu, kuma bai ɓoye ba.

Ranar da Khalilu ya dawo, da hantsi bayan an gama tatsa, Baffa ya sa aka kira Zulaihatu da uwarta. Khalilu yana zaune gefen tabarma, ya sunkuyar da kai kamar wanda aka yi wa rasuwa.

"Hwaɗi abin da ka gani," in ji Baffa.

"Wallahi Baffa, ban iske mai aibata shi ba. Ba shi shan komi, ba shi bin mata, salla ba ta wuce shi."

"Madalla."

"Sai dai..."

"Sai dai mi?"

"Butarshi daban. Kwanonshi daban. Mai shayin ƙofar buronsu ya ce da kofinshi yake zuwa. Ba shi ba kowa hannu, ko liman. To ni ban ce komi ba. Amma Allah ya sa ya fiddo hannun zai ɗauki waya, na gani." Khalilu ya yi ajiyar zuciya. "Fari-fari, Baffa. Ya dare kamar ƙasan tabki da rani."

Babu wanda ya faɗi sunan ciwon nan mai cin yatsu, don ba a faɗin sa a gaban mata da safe. Likitoci, su lokotoro, sun daɗe da cewa ana warkewa daga shi sarai, amma wannan labari bai riga ya iso wurin masu binciken aure ba.

Abin da ya fi ƙona wa Zulaihatu rai shi ne, ta bi maganar Khalilu daga farko har ƙarshe tana neman ƙarya, ba ta samu ko ɗaya ba.

"Mutumin da aka ware ma buta," in ji Baffa, "ba banza aka ware mai ba."

"Baffa, ba ware masa aka yi ba. Shi ya ware kansa," in ji Zulaihatu.

"To ya san abin da ke gare shi ke nan. Allah shi saka mai, yana da tausayin jama'a."

"Tsafta ce, Baffa! Wankin hannu ne ya yi masa yawa."

"Ni ma ina wankin hannu, ɗiyata. Ga nawa." Ya buɗe tafinsa, baƙi, mai kauri kamar ƙirgi. "Tun da nike ban taɓa jin ruwa ya cinye hannun mutum ba."

Hawaye suka zubo mata. Ta dubi uwarta. Inna Shatu tana kallon ƙasa. Zulaihatu ce ɗiyarta ta fari, ko sunanta ba ta faɗi, balle ta sa baki a zancen aurenta a gaban yayan miji.

"Ba ni zalunci," in ji Baffa. "Ran kasuwa shi zo shi iske ni wurin uwarki, in ga hannun da idona. In na ga abin da aka ce, magana ta ƙare. Ba ni ɗaukar ɗiyar ƙanena in kai inda za a daina shan ruwa gidanmu. Ga Khalilu nan, mun san ubanshi, mun san kakanshi, mun san hannunshi."

Khalilu ya ƙara sunkuyar da kai, don kada a ga fuskarsa.

*

Ran Lahadi Hafizu ya zo. Suka haɗu inda suka saba, ƙarƙashin mangwaron da ke bakin garakan albasa, inda masu ban ruwa ke iya hango su. Ya shimfiɗa hankicinsa a kan kututture ya zauna. Ita ta zauna a ƙasa.

Ta gaya masa komai. Da farko bai gane ba. Da ya gane sai ya miƙe tsaye.

"Ni? Ni ake zargi da cuta?"

"Kai."

"Ni da ban yi ko mura ba tun shekarar da... Zulai, mutanen nan da moɗa ɗaya suke sha, su da baƙinsu da baƙin baƙinsu! Su ne za su ce ni..."

"Su ne iyayena, Hafizu."

Ya koma ya zauna, ya manta ya duba ko hankicin ya goce.

"To ka tahi likita su duba ka," in ji ta. "Sai lokotoro ya gaya ma Baffa."

"Likita? Kin san mutum nawa ke zama a kan bencin can a yini? Kin san abin da ya kawo kowannensu?"

"To ka daina wanki da jabel ɗin nan har hannun ya warke."

"In daina, in ci abinci da mi?"

"Da hannu, kamar kowa!"

Ta matso kaɗan, iyakar yadda ido zai ƙyale.

"Hafizu, ni nono nake tatsa. Hannuna kullum yana jikin saniya. A kasuwa kowa ya taɓa ƙwaryata, ni ma in taɓa abin kowa. In an yi auren, a bakin taga za ka riƙa shanya ni kamar takarda?"

"Ke daban ce."

"Da mi?"

Ya gyara zama a kan hankicinsa.

"Ke daban ce," ya sake cewa.

Sai ta fashe da kuka. "Don Allah mi ya mai da kai haka? Kullum ka ce mini na'ura, ka ce jami'a. Duk wanda ya yi jami'a haka yake buɗe ƙofa?"

Ya mai da idonsa kan masu ban ruwa.

"Ina da ƙane," ya ce. "Muhsin. Damanar da aka yi amai da gudawa a Konni, da safe muka fita tare. Muka bi ta tasha, muka shiga kasuwa, muka hau mota. Abin da ya ci, na ci. Inda ya zauna, na zauna. Kafin gari ya sake wayewa ya tahi, ni ko ciwon kai ban yi ba. Akwai abu ɗaya da ya taɓa wanda ni ban taɓa ba, Zulai. Ko moɗar randar tasha ce, ko ƙofar mota, ko hannun wani. Har yau ban san mi ne ne ba. Duk abin da na kai hannu zan taɓa, sai zuciyata ta ce mini, shi ne wannan."

Hawayensa suka sauka. Ya kai hannu zai share, ya tuna ya taɓa kututture, ya share da kafaɗa.

"Allah ya ji ƙansa," in ji ta.

"Amin."

"Amma ni ina da rai, Hafizu. Kuma ran kasuwa za a ba Khalilu ni."

"Ba za a ba shi ba. Zan zo in yi ma Baffa bayani. Mutum ne mai hankali. In na nuna masa yadda ƙwayar cuta take tafiya daga hannu zuwa hannu..."

"Kada ka yi masa bayani."

"Don mi?"

"Ka zo dai. Ka fiddo hannunka. In ya miƙo nasa, ka kama. Shi ke nan abin da nake roƙo."

"In kama," ya maimaita a hankali, kamar an ce ya kama kububuwa.

"Ka yi mini alkawari."

Ya yi. Ta lura bai ce in sha Allahu da ƙarfi ba.

*

Khalilu bai gaya wa kowa ba sai uwarsa, Hajiya Kubra. Ita ma ba ta gaya wa kowa ba sai matan layin nono. Saboda haka ran kasuwa, tun kafin azahar, mutane da yawa suka tuna suna da buƙata kusa da inda Inna Shatu ke zama.

Wuri ne mai kyau, ƙarƙashin itacen bedi, a bakin hanyar da ke zuwa kara, kasuwar shanu. Inna Shatu ta daɗe a nan har ana kwatance da ita. Babbar ƙwaryarta baƙa ce don tsufa, da ita aka kawo ta ruga tana amarya, kuma direbobi da dillalai sun yi ittifaƙi cewa nonon cikinta daban ne. A gefe ga ƙananan ƙoƙuna da ludayin masu saye, ga bokitin ruwan ɗauraya.

Ciniki yana tafiya. Wani tsoho mai tari ya zauna ya sha furarsa a hankali, yana tari yana sha, ya lashe ludayi, ya ajiye.

Baffa Jaje ya taho daga kara, inda ya yini yana buɗe bakin shanu yana duba haƙora. Khalilu yana biye da shi. Hajiya Kubra ta riga ta sami wurin zama a gaba.

Sai ga Hafizu, cikin farar shadda, jaka a kafaɗa, hannuwa a aljihu.

"Salamu alaikum, Baffa."

"Wa alaikumus salam, samari."

Baffa ya miƙa hannu, don hannunsa ya saba miƙa kansa. Hafizu ya dubi Zulaihatu, ya zaro hannunsa na dama.

Hasken rana ya sauka a kansa. Wata mata ta ce, "Wayyo Allah." Baffa ya ga farin dabbaren, ya ga tsagar da ke tsakanin 'yan yatsu. Hafizu kuma ya ga tafin Baffa, ya ga yawun saniya da bai gama bushewa ba a gefen babban yatsa.

Hannuwan biyu suka tsaya a iska, tazarar taki ɗaya tsakaninsu. Kowanne yana tsoron ɗan'uwansa, kuma kowanne yana da hujja.

Sai duka biyun suka koma, kowa ya dafe ƙirjinsa.

"Lahiya lau?" in ji Baffa.

"Lahiya lau, Baffa. Dama ina so in yi maka bayani. Ita ƙwayar cuta..."

"Na gani, samari. Ba sai ka wahal da kanka ba. Allah shi ba ka lahiya." Ya juya. "Khalilu, mu tahi."

"Amin, amin," in ji Hajiya Kubra da ƙarfi. "Ciwo ba a yi masa dariya. Kowa na iya samu."

Zulaihatu ba ta san lokacin da ta miƙe ba.

"Baffa, baƙo ya zo wurinmu bai sha komi ba."

Baffa ya tsaya.

Ta sunkuya ta ɗauki ludayin da tsoho mai tari ya ajiye. Ba ta kai shi bokiti ba. Ta ɗaga faifan babbar ƙwarya, ta tsoma shi ciki, ta ciko, ta miƙa wa Hafizu.

Ya dubi ludayin. Ya dubi tsohon, wanda ya zaɓi wannan lokacin ya sake yin tari.

"Zulai," ya ce a hankali, "kofina na cikin jaka."

"Na sani."

"Zulai, don Allah."

"Ban taɓa roƙon ka ka ci abin kowa ba," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa, hawaye na bin kuncinta. "Ban taɓa yi maka dariya ba. Hannuna ya gaji, Hafizu. In na sauke shi, na sauke ke nan."

Ya karɓa. Nono ya ɗan zuba a kan shaddarsa. Leɓunansa suka motsa, ko addu'a ce ko sunan ƙanensa, ba ta ji ba. Ya rufe ido ya shanye.

Ta karɓi ludayin daga hannunsa, yatsunta suka taɓa nasa a gaban kowa. Ta mai da shi cikin babbar ƙwarya, ta juya, ta ciko, ta kai bakinta daidai inda ya sa nasa. Ta sha.

"Innalillahi!" Hajiya Kubra ta miƙe tana kakkaɓe zane. "Ta sha! Kun gani da idonku, ta sha! Khalilu, wuce mu tahi."

"Inna, ni dai ko da hakan..."

"Ko da mi? A gidana? Da jikokina? Wuce na ce!"

Khalilu ya dubi Zulaihatu. Ya yi aikinsa da gaskiya, bai ƙara ko kalma ba, ga shi gaskiyar ta yi masa yawa. Ya bi uwarsa.

Baffa Jaje ya dogara da sandarsa. Ya dubi ɗiyar ƙanensa, ya dubi jama'ar da suka ja da baya suka bar fili kewaye da su.

"Samari."

"Na'am, Baffa."

"Ka turo manyanka."

"Na gode, Baffa! Wallahi na san in ka fahimci..."

"Ban fahimci komi ba. Ka turo su, don ba wanda zai turo bayanka." Ya saɓa sandarsa ya koma kara.

Hafizu ya yi wa Inna Shatu godiya, ya yi wa Zulaihatu wani kallo da za ta daɗe tana tunawa, sannan ya tambayi inda farmasi take, wato shagon magani, ya nufi can da sauri.

Kasuwa ta ci gaba da ci.

Direban da ba ya wuce Badaguishiri bai sha furar Inna Shatu ba ya taho, wani ya ja shi gefe ya yi masa raɗa. Ya ɗaga mata hannu daga nesa.

"Inna, ina wuni? Yau azumi nike."

"Allah shi karɓa," in ji ta.

Jim kaɗan suka hango shi a ƙarshen layi yana shan furar wata.

Dillalai suka zo suka wuce. Matar da ke zama kusa da su ta ja ƙwaryarta can gaba, wai rana ta iso ta. Inna Shatu ta ɗauraye ƙoƙuna, ta jera su, ta kore ƙuda da faifai. Bayan wani lokaci ta sake ɗauraye su, ko da yake ba wanda ya taɓa. Haka suka zauna har la'asar.

A hanyar ruga Inna Shatu ce a gaba, ƙwarya cike a kanta. Ba ta saba ɗaukar ta da nauyi a komawa ba, tana tafiya tana ɗan tsayawa. Zulaihatu ta ce ta kawo ta karɓa mata, ta yi kamar ba ta ji ba.

Wayar Zulaihatu ta yi ƙara.

"Zulai! Na iso tasha. Kin ga abin da na yi yau? Na nuna masu mai ilimi ba matsoraci ba ne. Duk kasuwar nan ba wanda ya san haɗarin da ke cikin ludayin nan sai ni, kuma na sha."

"Ka sha."

"Tsohon nan fa, kin san shi? Tarin nasa ya daɗe? Da majina ko busasshe ne?"

"Hayaƙin taba ne, Hafizu. Tun ina yarinya yake yin sa."

"Kin tabbata? To na dai sayi magani. Zulai, kina jin daɗi?"

"Ina ji," in ji ta. Kuma gaskiya ta faɗa.

Da ta kashe wayar sai ta ga uwarta ta ratse hanya ta gangara cikin kwari. Ta sauke ƙwaryar, ta tuntsurar da nonon a kan yashi, ta tsaya har ƙasa ta shanye. Ta goge cikin ƙwaryar da yashi mai tsabta, ta shafa bakinta da tafin hannu, ta kife ta a gindin wata sabara, ta ɗora ludayin a kai.

"Inna, ƙwaryarki ce fa."

"An san ta," in ji Inna Shatu.

Ta hau kan hanya tana dafa gwiwa. Sun yi nisa kafin ta sake magana, ba tare da ta waiwayo ba.

"Ke. Ki aro mini ƙwarya wurin goggonki. Ran kasuwar Illela da wuri zan tashi, hanyar da nisa."